Bawul mai hana ruwa komawa baya: abin da ya kamata ka sani

Idan kana da rijiyar burtsatse a gida, ko injin ban-ruwa a fadama, ko tanki a saman gini, to akwai wani ɗan ƙarfe a layin bututunka da wataƙila ba ka taɓa ɗora ido a kansa ba. Ba ya shan wuta, ba shi da makunni, kuma babu mai murɗa shi. Masu aikin famfo kan ce masa non-ritan ko cek-bawul. Yawancin masu saye tambaya ɗaya suke yi a shago: inci nawa ne? A ganina akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wato yaya yake rufewa, kuma a wane lokaci. A nan ne ake tsira da inji ko a yi asararsa.

Mene ne shi?

Bawul shi ne duk wani abin da ake sa wa bututu don buɗe wa ruwa hanya ko toshe ta. Kan famfon da kake murɗawa a banɗaki ma bawul ne. Bambancin wanda muke magana a kai shi ne ruwan da kansa ke buɗe shi, ruwan kuma ke rufe shi. Ka ɗauke shi kamar ƙyauren ɗaki mai buɗewa ta gefe ɗaya: idan ka turo daga waje zai ba ka hanya, idan ka tura daga ciki sai ya ƙara mannewa da dogarinsa.

Sassansa uku ne. Akwai gangar jiki da ake ɗaurawa a bututu. Akwai murfi, wato abin da ke motsi. Akwai kuma mazauni, zoben da murfin ke kwanciya a kai idan ya rufe. Wasu ana ƙara musu sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai mayar da abu wurinsa. A bayan gangar jikin za ka ga kibiya da ke nuna inda ruwa ya kamata ya nufa.

Dabarar tsohuwa ce. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani maƙeri a birnin Iskandariyya na Masar mai suna Ktesibiyus ya haɗa injin tura ruwa mai irin waɗannan murafe. Malam Isma'il al-Jazari ma, a littafinsa na na'urori da ya kammala a 1206, ya zana injin zuƙar ruwa da ke aiki da su. Famfon tuƙa-tuƙa na ƙauye, irin India Mark II ko Afridev, da bawul biyu yake aiki: ɗaya a jikin fistin da ke hawa da sauka, ɗaya a can ƙasa yana riƙe ruwan da aka riga aka ɗago.

Me zai faru idan babu shi?

Ruwa yana da nauyi, kuma kullum ƙasa yake nema. Muddin inji na aiki yana rinjayar wannan nauyi. Da zarar an ɗauke wuta ko man inji ya ƙare, duk ruwan da ke cikin bututu zai juyo.

Bututun inci ɗaya yana ɗaukar kusan rabin lita a kowace mita. Idan sumo ɗinka, wato injin da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, yana ƙasa da mita 60, kusan lita 30 ke rataye a kansa. Idan wannan ruwa ya zubo ta cikin injin, sai ya juya farfelarsa baya. Farfela ita ce ƙafar da ke juyawa da sauri tana cilla ruwa sama. Juyawa baya tana cin boris, wato abin da sandar injin ke juyawa a kansa. Abin da ya fi muni shi ne a dawo da wuta alhali farfelar na cikin gudu baya: motar injin na murɗawa gaba, ruwa na murɗawa baya, sandar ƙarfen da ta haɗa su tana iya karyewa. A ƙasashen da wuta ba ta yankewa wannan hatsari ne na jefi-jefi. A wurinmu, inda ake ɗauke wuta a dawo da ita cikin ƙiftawar ido, ko a sauya daga janareta zuwa layi, abu ne na yau da kullum.

Ga injin da ke zaune a sama yana zuƙo ruwa daga rafi ko rijiya, matsalar daban ce. Irin wannan inji ba ya iya jan iska, sai cikinsa na cike da ruwa. Shi ya sa manomi ke ɗura masa ruwa kafin ya ja igiya. Idan babu abin da ke riƙe ruwan, kowace safiya sai an sake ɗurawa. Injin da ya daɗe yana juyi a bushe kuwa, robar da ke hana shi yoyo takan ƙone.

Iri nawa ne, kuma me ya bambanta su?

Wanda aka fi gani a kasuwa shi ne mai lilo. Murfinsa faifai ne da ke rataye a jikin ƙusa, ruwa ya ɗaga shi, nauyinsa ya dawo da shi. Idan ya buɗe sosai hanya a sarari take, saboda haka ba ya gajiyar da inji, kuma yana da arha. Aibinsa shi ne jinkiri wajen rufewa, domin tafiyar da murfin zai yi kafin ya kai mazauni tana da tsawo.

Na biyu shi ne mai sifirin. Murfinsa yana tsakiyar hanya, ruwa ya tura shi gaba kaɗan ya bi ta gefensa. Tafiyarsa gajera ce, ga sifirin na matsa masa ya koma. Yana rufewa da wuri, kuma yana aiki ko a kwance ko a tsaye. Sai dai sifirin ɗin kullum yana kokawa da ruwa, don haka yana ɗan rage ƙarfin inji, kuma yashi ko ɗan tsakuwa na iya maƙale masa.

Akwai mai ƙwallo, inda ƙwallon ƙarfe da aka lulluɓe da roba ke mirginawa gefe ya ba da hanya. Shi aka fi so a ruwan ƙazanta da ruwa mai laka, domin babu ƙusa ko sifirin da tsumma zai naɗe. Akwai mai ƙyaure biyu, siriri da ake matse shi tsakanin bakin manyan bututu biyu a gidajen ruwa da masana'antu. Akwai bakin agwagwa, wanda roba ce zalla da aka matse bakinta, ana sa shi a bakin magudana don kada ambaliya ta biyo ta baya.

Sai fut-bawul, wanda manoman rani suka fi sani. Shi ma mai hana komawa ne, an dai haɗa masa rariya an ɗaura shi a ƙarshen tiyon da ke cikin ruwa. Ƙananan injunan fetur masu inci 2 da inci 3 da suka cika fadamu suna da wani ɗan leɓen roba a bakin da suke zuƙa, shi ma aikinsa ke nan. Idan injinka ya fara wahalar kama ruwa, wannan leɓe na cikin abin da za ka fara dubawa.

Mai ƙirƙirar na'urori Nikola Tesla ya taɓa ƙirƙiro wani wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, aka yi masa rajista a Amurka a 1920. Hanyoyi ne masu lanƙwasa da ke sa ruwa ya yi karo da kansa idan ya juyo. Yana rage komawar ruwa amma ba ya tsayar da ita ɗungurungum, don haka ba zai riƙe maka tanki ba.

Me ya sa bututu ke bugawa idan inji ya tsaya?

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma ya cancanci mu ɗan dakata a kai.

Lokacin da inji ya mutu, ruwan cikin bututu ba ya tsayawa nan take. Yana ci gaba da tafiya gaba na ɗan lokaci, gudunsa na raguwa, har ya tsaya cik, sannan ya fara juyowa, gudun juyowar kuma yana ƙaruwa. Tsakanin tafiya gaba da juyowa akwai wani ɗan taƙi da ruwan ba ya motsi ko kaɗan. Bawul na ƙwarai shi ne wanda ya kai mazauninsa daidai wannan taƙi. Idan ya makara, ruwan da ya riga ya ɗauki gudu baya shi zai maka murfin a kan mazauni, sannan duk ruwan ya tsaya farat ɗaya.

Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan aka tare shi kwatsam, ƙarfin gudunsa yakan rikiɗe ya zama matsi mai tsanani da ke bin bututu gaba da baya. Wannan ne ƙarar da kake ji kamar an buga ƙarfe, bututu har ya girgiza. Injiniyoyi na kiransa gudumar ruwa. Masanin Rasha Nikolai Zhukovsky ya yi gwaje-gwaje a bututun ruwan birnin Mosko, ya fitar da lissafin abin a 1898, kuma har yau da shi ake aiki.

Ga abin da lissafin ke nunawa a sauƙaƙe. Ana auna matsin ruwa da bar, kuma bar ɗaya daidai yake da nauyin ruwan da ya kai tsayin mita 10. A bututun ƙarfe, idan aka tsayar da ruwa mai gudun mita ɗaya a daƙiƙa farat ɗaya, matsi na iya ƙaruwa da bar 10 ko fiye. Kamar an ɗora wa bututun ruwa mai tsayin mita 100 ke nan a lokaci guda. A bututun roba na PVC bugun bai kai haka ba, kusan bar 4 ne, saboda bututun na ɗan buɗewa. Amma ka tuna shi ma ƙarfinsa bai kai na ƙarfe ba, kuma mahaɗar da aka liƙe da gam ce ke fara saki.

To me mai ƙera bawul zai yi? Abubuwa uku ke hannunsa: ya sa murfin ya zama marar nauyi don ya motsa da sauri, ya taƙaita tafiyarsa, ya kuma ba shi sifirin da zai fara tura shi tun ruwa na rage gudu. Amma kowanne da kuɗinsa. Sifirin mai ƙarfi yana rufewa da wuri, yana kuma hana buɗewa cikin sauƙi. Akwai ɗan matsin da dole ruwa ya kai kafin murfi ya fara ɗagawa, ana ce masa matsin buɗi. Idan injinka na sola ne, da hantsi ko lokacin hazo ƙarfinsa kaɗan ne, sifirin mai tauri zai cinye maka wani ɓangare na ruwan da za ka samu. Duk fasahar ƙera wannan bawul sulhu ce tsakanin buɗewa da sauƙi da rufewa da wuri, kuma babu iri ɗaya da ya dace da ko'ina.

A manyan bututun gidajen ruwa wani lokaci akan bi akasin wannan hanya. Akan ɗaura wa murfin tukunyar mai da ke riƙe shi, ya riƙa sauka a hankali. Ruwa kaɗan zai koma, amma babu bugu.

Wane layi ne ya fi haɗari? Wanda ruwansa ke juyowa da sauri: bututun da ke tsaye cak kamar na burtsatse, layin da ke da tankin matsi (rufaffen tanki mai matsattsiyar iska a ciki), da inda injuna biyu ke zuba a bututu ɗaya, ɗaya ya mutu ɗaya na aiki. A irin waɗannan wurare mai lilo ba ya isa. Kamfanin Franklin Electric na Amurka, wanda ke ƙera motocin sumo, ya faɗa ƙarara a littafin jagorarsa cewa mai sifirin za a sa wa sumo, kada a sa mai lilo. Layin da ke kwance, mai ɗan gajeren hawa, kamar daga rafi zuwa gona, mai lilo ya wadatar.

Ashe ba babba ya fi kyau ba?

Za ka iya cewa bari in sayi mai faɗi don ruwa ya wuce a sake. Tunanin yana da ma'ana, amma a nan ba ya aiki. Murfi yana buƙatar ruwa mai gudu ya danne shi a buɗe har ƙarshe. Idan bawul ya yi wa ruwan yawa, gudun ba zai isa ba, sai murfin ya tsaya a tsakiya yana kaɗawa. Za ka ji ƙas-ƙas-ƙas muddin inji na aiki. Kowace kaɗawa tana cin ƙusa da mazauni, har wata rana murfin ya karkace ko ya cire gaba ɗaya. Don haka yawan ruwan da injin ke turawa ake dubawa, ba faɗin bututu kawai ba. Wani lokaci daidai ne a sa bawul da bai kai bututun faɗi ba.

Kada ka ɗauka ƙananan masu gyara ne kaɗai ke faɗawa wannan rami. A ranar 21 ga Nuwamba 1985, a tashar lantarki ta nukiliya ta San Onofre da ke jihar Kalifoniya a Amurka, wuta ta yanke wa wasu injuna na 'yan mintuna. Nan aka gano bawul biyar masu hana komawa a layin ruwan tukunyar tururi duk ba sa aiki. Ruwa ya tsiyaye baya, da aka sake turo wani sai gudumar ruwa ta tsaga bututu ta lalata madogaransa. Bincike ya danganta lalacewar da kaɗawar murafen, saboda ruwan da ke bi bai isa ya riƙe su a buɗe ba, ga shi kuma suna kusa da inda ruwa ke hargitsewa. Abin lura shi ne sun lalace tun kafin ranar, babu wanda ya sani, domin muddin ruwa na tafiya gaba, matacce da mai rai duk ɗaya suke a ido.

A ina ake ɗaura shi?

Fara da kibiya. Idan aka juya ta, inji zai yi ta gurnani ruwa bai fito ba.

A injin da ke sama, jerin shi ne inji, sai mai hana komawa, sai bawul na hannu. Da haka za ka iya kulle na hannun ka kwance wancan ka gyara ba tare da tanki ya zube ba. Kada a manna shi a bakin inji ko a bayan gwiwar bututu, inda ruwa ke fitowa a hargitse. A bar miƙaƙƙen bututu da ya kai aƙalla ninki biyar na faɗinsa, wato inci 10 ga bututun inci 2. Mai lilo yana aiki a kwance, ko a tsaye idan ruwa sama yake hawa. Ba a sa shi inda ruwa ke gangarowa ƙasa, domin nauyin murfin zai bar shi a buɗe.

A burtsatse, yawancin sumo na zuwa da nasu a kai. Idan babu, a sa ɗaya kusa da injin, kada nisansa da injin ya wuce mita 7 da rabi, kuma ya kasance a ƙarƙashin ruwa ko da rijiya ta ja baya. A rijiya mai zurfi ana ƙara wani a kowace mita 60. Kuskuren da ya yawaita shi ne a dogara da na bakin rijiya kaɗai saboda ya fi sauƙin kaiwa. Idan na ƙasa yana yoyo na sama yana riƙe, ruwan tsakiya zai sauka ya bar fanko a bututu, domin iskar duniya ba ta iya riƙe ruwa sama da kusan mita 10. Da an kunna inji sai ruwa ya taso a guje cikin wannan fanko ya yi karo da rufaffen bawul na sama.

Fut-bawul kuma kada ya kwanta a laka, kada ya yi kusa da saman ruwa har ya ja iska. Kuma ba ya ƙara wa inji ƙarfin zuƙa. Komai kyansa, injin da ke sama ba ya jan ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, a tudu kamar Jos ma bai kai haka ba.

Da me aka ƙera shi?

Ƙanana na gida galibi tagulla ne ko PVC. Manya baƙin ƙarfe ne na zubi. Akwai kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai jure sinadarai da yawa. Abin da aka fi mantawa shi ne robar mazauni. Wadda ake kira EPDM ta dace da ruwa, amma fetur da gas suna kumbura ta. Ta mai ita ce NBR. Wanda ya ɗauki bawul na ruwa ya sa a layin mai, ba zai daɗe ba zai ga yoyo. Duba kuma lambar da ke jikinsa: PN10 na nufin yana ɗaukar bar 10, PN16 bar 16. Tunda ka san abin da gudumar ruwa ke iya ƙarawa, kada ka sayi wanda ke bakin iyaka.

Nawa zai ci maka?

Farashi na bin girma da irin ƙarfe da yanayin kasuwa, amma a kowane hali ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin injin da yake karewa. Kuɗin gaske a wasu wurare biyu yake. Na farko, wuta ko mai. Kowane bawul yana cin wani abu daga ƙarfin inji. Idan yana cin daidai da hawan mita ɗaya, mai burtsatsen da ke ɗaga ruwa mita 80 ba zai ji ba. Manomin da duk hawansa mita 10 ne kuwa, kusan kashi ɗaya cikin goma na aikin injinsa ke tafiya a nan, a kowace litar fetur. Shi ya fi buƙatar mai buɗewa a sake. Na biyu, kuɗin aiki. Idan na ƙasan rijiya ya mutu, sai an kira ma'aikata sun zaro bututu duka kafin a kai gare shi. A wannan wuri ban ga hikimar neman mai arha ba.

Yaya za ka gane ya lalace?

Tanki ya kwana cike ya wayi gari da raguwa alhali babu wanda ya ɗiba. Ruwa na daɗewa kafin ya iso bayan an kunna inji, ko ya fara da tofar da iska. Inji mai tankin matsi yana tashi da kansa cikin dare. Ko ka ji shuuu a bututu bayan an kashe. Idan akwai geji, wato agogon matsi, gwajin mai sauƙi ne: kashe inji, rufe duk kawunan famfo, ka zuba wa allurar ido. Idan tana sauka, ruwa na gudu ta wani wuri, kuma idan ba ka ga jiƙa a ko'ina ba, bawul ne abin zargi na farko. Sau da yawa ɗan tsakuwa ne ko guntun tef ya tokare mazauni, wankewa kawai yake so. Kafin ka kwance, cire wuta ka saki matsin da ke layin.

Zai kare ruwan sha daga gurɓata?

Yana taimakawa, amma kada ka dogara da shi kaɗai. Idan ruwan gwamnati ya ɗauke, bututun titi na iya zuƙo abin da ke gidaje. Tiyon da aka bari nutse a bahon wanki ko a duron maganin feshi na iya mayar da abin cikinsa layin da kai da maƙwabtanka ke sha. Bawul ɗaya da ƙwayar yashi ta tokare ba zai hana wannan ba. Kariyar da ba ta lalacewa ita ce tazarar iska: bakin bututun da ke zuba ruwa ya tsaya sama da bakin tanki ko duro, kada ya taɓa ruwan ciki. Tazarar ta kai ninki biyu na faɗin bututun, kuma kada ta gaza inci ɗaya. Haka nan idan kana da burtsatse kana kuma da layin hukumar ruwa, kada ka haɗa su kai tsaye da bawul a tsakani. Kowanne ya zuba a tanki ta sama da nasa bakin.